Ranar da Aka Kaɗa wa Kyauta Garaya

SHAFI NA 19

Jama'a ku yi haƙuri, na ga saƙonninku. Wayata ce ta faɗa bokitin wanki, sai jiya mai gyara ya ba ni. Masu zagin Kyauta da masu tausayinta duk na karanta, ban goge na kowa ba. Ni dai labari nake ba ku yadda ya zo. Ku gyara zama.

*

Kyauta na tsugune bakin murhu da hantsi tana dama kunu, sai ta ji sallama daga zaure. Ludayin ya suɓuce mata ya faɗa toka.

Ta san muryar nan. An yi shekaru rabonta da ita, amma ba ta manta ba.

"Masu gida, a ba mu hanya."

Magajiya A'i ce, uwar 'yan borin duk ƙauyukan da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Ita ta yi wa Kyauta girka, ta shigar da ita bori, tun tana budurwa. Ta tsufa, ta ranƙwafa, amma idanun nan suna nan yadda suke, jajaye, ba sa ƙiftawa da wuri.

Bayanta Ɗantala ne, mai kiɗa, da wani dogon abu naɗe cikin tsumma a hammata. Sai wasu mata biyu da ƙorai a ka. Ta ƙarshen tana jan baƙar akuya.

Kyauta ta juya wajen mahaifiyarta.

"Iya, mene ne wannan?"

Iya ba ta ɗago ba, tana ta shimfiɗa tabarma. "Ni na aika."

"Yaya ya sani?"

"Yayanki yana Gumel neman rubutu."

"Iya, kin san ya hana. Ya ce kada a sake..."

"Na san ya hana!" in ji Iya. "Rubutun ba ta sha ba ne? Sassaƙe ba ta sha ba ne? Ki shiga ɗakin can ki dubi ƙafafun yarinyar nan, sannan ki fito ki ce mini ya hana."

Kyauta ba ta bukatar ta shiga. Ita ke kwana da Lauratu, ita ke yi mata wanka, ita ke ɗaukarta zuwa bayan gida. Tun da annobar marisuwa ta ratsa ƙauyen bara ta ɗauke uwar yarinyar, zazzaɓi ya kama Lauratu. Zazzaɓin ya tafi, ƙafafun ba su dawo ba. Ita kaɗai ce 'yar da ta rage wa Ɗantsoho, yayan Kyauta.

Magajiya ta shiga ɗakin ba tare da ta nemi izini ba. Ba ta daɗe ba ta fito tana karkaɗe hannu.

"Doguwa ce."

Iya ta dafe ƙirji. "Na faɗa! Wallahi na faɗa!"

"Amma ba yarinyar take so ba." Magajiya ta juyo a hankali, ta tsayar da ido kan Kyauta. "Godiyarta take nema, wadda ta saba hawa. Ta zo gida ta tarar an rufe mata ƙofa, sai ta kama abin da ta samu."

Kowa ya juyo yana kallon Kyauta. Har akuyar ta daina jan igiya.

"Kyauta, 'yata, ba gaisuwa?"

Kyauta ta durƙusa. "Ina kwana, Magajiya."

"Lafiya lau. An ce kin dawo tun kaka, ko leƙe. Ya haƙurin mijinki Ilu?"

"Da godiya."

"Allah ya ji ƙansa. Shi ya ɗauke mini ke ya kai ki kudu, aikin hanyar jirgi. Na ce masa ba a kai godiyar Doguwa nesa da gida, bai ji ba." Ta miƙa hannu. "Mu ga hannun nan."

Kyauta ta ja mayafi ta rufe tabon ƙunar da ya taso daga wuyan hannunta har gwiwar hannu.

A kudun ta same shi. Ba kiɗa, ba kira, Doguwa ta hau ta tana tsakar girki, ta jefa ta cikin wuta. Ba shi ne na farko ba. Lokacin ta rame ta zama kamar kara, ba ta barci, ba ta cin abinci sai an danne ta. Kowa a barikin leburori ya guje ta, ban da wata mata, Safara'u, Bahaushiya daga ƙasar Zazzau. Ita ta wanke ƙunar. Ita ta zauna da ita tana kiran wani suna a kanta, har ranar da Kyauta ta kira sunan da bakinta, ta ji abin da ke danne mata ƙirji tun ƙuruciya ya ɗaga. Ranar ta yi barci har rana ta take. Daga baya aka kai ta rafi aka nutsar da ita, ta fito mai bin Yesu.

Ilu ya sani, ya kuma rufa mata asiri har ya koma ga Allah. A gidan nan kuwa babu wanda ya sani. Abin da ta ce musu kawai shi ne ta bar bori.

"Na tuba, Magajiya," in ji Kyauta, kanta a ƙasa. "Na bari."

Magajiya ta yi dariya ba sauti. "Ke kika bari. Ita ta ce miki ta bari?"

"Ta tafi. Ba ta sake zuwa ba."

"To madalla. In ta tafi, me kike tsoro? Zauna ki ji kiɗa. In ba ta zo ba mu kwashe ƙoranmu mu tafi, in ba ki haƙuri a gaban uwarki."

"Ba zan iya ba."

"In kuwa ta zo, mu tambaye ta abin da take so, mu ba ta, ta saki yarinya."

"Don Allah, Magajiya. Ba zan iya ba."

"Kyauta." Iya ce.

Kyauta ta waiwaya, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta. Iya ta zube gwiwa biyu a ƙasa, a gabanta.

"Iya! Tashi! Don girman Allah tashi!"

"Ba zan tashi ba. Ni na haife ki, yau ni ke roƙonki. Na binne matar yayanki, na binne jikokina. Wannan ɗaya ce ta rage. Sau ɗaya tak, Kyauta. Ki hau sau ɗaya, ki sake tubanki."

"Iya, ba ki san abin da kike roƙo ba. Kashe ni take so ta yi."

"To ita yarinyar fa? Laifin me ta yi?"

Kyauta ta dubi ƙofar ɗakin da Lauratu ke kwance.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne, wani sashe na zuciyarta ya fara tambaya. In gaskiya ne fa? In saboda ita ne Lauratu take jan gindi?

Ta miƙe za ta nufi zaure. Matan nan biyu sun riga sun tsaya a ƙofa. Ba su taɓa ta ba, sun dai tsaya.

"Ɗantala," in ji Magajiya.

Ɗantala ya kwance tsumman. Garaya ce, irin ta dā, fatarta ta yi baƙi saboda hannu. Ya zauna, ya ɗora ta a cinya, ya taɓa tsirkiya ɗaya don ya ji ko ta yi daidai.

Sau ɗaya ya taɓa.

Tsigar jikin Kyauta ta tashi daga tafin ƙafa har tsakar ka.

Wani abu mai nauyi ya sauka a kafaɗunta. Baƙin zane ne, Magajiya ta yafa mata ta baya. Warin turaren da ke jikinsa ya bugi hancinta, ta ji kamar jiya ta cire shi.

Kiɗa ya tashi. Matan suka kifa ƙorai suka fara bugu. Taken Doguwa ne, wanda Kyauta ke ji a mafarki ta farka tana gumi.

Kyauta ta zauna daɓas.

"Yauwa," in ji Magajiya a hankali. "Yauwa, 'yata. Saki jikinki."

Ƙafarta ta dama ta fara rawa. Ta danne ta da hannu biyu, sai kafaɗa ta ɗauka. Hamma ta taso mata daga ciki, irin doguwar hammar nan da ke zuwa kafin a hau. Ta dantse haƙora har ta ji ɗanɗanon jini.

"Ga ta nan tafe!" in ji ɗaya daga matan. "Ɗantala, ƙara!"

Ya ƙara.

Tsakar gidan ya fara juyawa. Rumbu, turmi, fuskar Iya, duk suka yi nisa. Kyauta ta ji sanyin nan da ta sani yana hawowa ta gadon bayanta.

Ba ta iya doguwar addu'a ba. Safara'u ba ta samu lokacin koya mata da yawa ba. Abu ɗaya take da shi, shi ta riƙe. Leɓɓanta suka fara motsi ba sauti.

*Yesu, kada ka sake ni. Yesu, kada ka sake ni. Yesu...*

Jikinta bai daina rawa ba. Amma sanyin ya tsaya a tsakiyar baya, bai ƙarasa wuya ba.

Ɗantala ya kai ƙarshen taken ya sake ɗaukowa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya dubi Magajiya.

Magajiya ta matso, ta sunkuya daf da fuskar Kyauta, tana kallon bakinta.

"Me kike cewa?"

Kyauta ta rufe ido.

"Ke! Wa kike kira?"

"INNALILLAHI! A GIDANA?"

Garaya ta mutu nan take.

Ɗantsoho ne tsaye a ƙofar zaure, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya, gorar rubutu rataye a kafaɗa. Bayansa maƙwabta ne da kiɗan ya jawo, maza da mata, wasu na leƙe ta saman danga.

Ya tako ya yi ƙwallo da ƙwarya ɗaya, ta bugi rumbu ta tsage.

"Ɗantala, in ka sake taɓa abin nan, a kanka zan fasa shi!"

Ya fizge baƙin zanen daga kafaɗar Kyauta ya jefar. Ya kama hannunta ya miƙar da ita.

"Ƙanwata, sun yi miki wani abu? Dube ni. Sun taɓa ki?"

Ta girgiza kai. Haƙoranta na haɗuwa.

"Iya," muryarsa ta sauka, "ki gafarce ni. Amma wannan ba daidai ba ne. Baiwar Allah ta tuba, ta kama salla, kullum tana ɗaki tana ibada. Sai mu da ya kamata mu taya ta, mu za mu mayar da ita?"

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka.

Magajiya ba ta motsa daga inda take ba. Ta ɗauki zanenta ta karkaɗe, tana ninkewa a hankali.

"Ɗantsoho, ka gama?"

"Fita mini daga gida, Magajiya. Girman furfurarki nake gani."

"Zan fita. Amma ka ji wannan. Tun kafin a haife ka nake wannan aiki. Na ga masu tuba. Wasu sukan hau duk da tuban, wasu sukan toshe kunne su yi ta salati har a gaji a bar su. Na san yadda bakin mai salati yake motsi." Ta nuna Kyauta da haɓa. "Wannan ba salati take ba."

"Ƙarya kike!"

"Wani suna take kira. Ban san shi ba. Amma na ga Doguwa ta zo har bakin ƙofa ta tsaya. Tambaye ta wa ya tare hanya."

Aka fara gunaguni a bakin zaure.

Ɗantsoho ya yi dariyar takaici. "Kin sha kunya, shi ne za ki ɓata ta? To tsaya ki ji." Ya juya ga Kyauta, fuskarsa ta yi taushi. "Ƙanwata, rufe mata baki. Yi kalmar shahada kowa ya ji, su kwashe tarkacensu su ba mu wuri."

(Jama'a, ni da nake rubutawa ma sai da na ajiye wayar na sha ruwa a nan.)

Kyauta ta dubi yayanta. Shi ya goya ta tana ƙarama. Shi ya taka har Kano, inda jirgi ya sauke ta, ya taho da ita da labarin mutuwar Ilu ya iso. Ya ba ta ɗaki, bai taɓa tambayarta komai ba.

Ta dubi mutanen da ke ƙofa. Ta san kowannensu da suna.

Kalmomin suna nan a bakinta, tun tana yarinya ta iya su. Numfashi ɗaya ne, kowa ya watse, ta koma ta ƙarasa kununta.

"Kyauta?"

"Yaya..."

"Faɗa mana. Kada ki ji tsoron kowa, ina nan."

"Allah ɗaya ne, Yaya. Wannan na yarda har zuciyata."

"Madalla. Ƙarasa."

Kyauta ta sunkuyar da kai.

"Ƙarasa mana, Kyauta."

Hawaye suka zubo mata. Yanzu-yanzun nan ta gama roƙon kada a sake ta. Ta kasa gane yadda za ta yi ta saki wanda ta roƙa, bakinta bai ko bushe ba.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya."

Ya saki hannunta. "Ban gane ba."

"Gaskiya Magajiya ta faɗa. Ba salati nake ba."

"To me kike yi?"

Muryarta ta fito siririya, amma saboda shirun da aka yi, har na bayan danga sun ji.

"Yesu nake kira."

"Wa?"

"Yesu Almasihu. Wanda kuke ce wa Annabi Isa. Shi ya raba ni da ita. Shi nake bi."

"La'ilaha illallahu!" wata mata ta ƙwala daga ƙofa. "Addinin Nasara!"

"Ta kafirta!"

"Dama na ce! Ban taɓa ganinta da buta ba!"

"Ba Bature ne ya ba ni ba," Kyauta ta ce da sauri, tana haɗa hannu. "Wallahi Bahaushiya ce kamar Iya. Yaya, ka ga hannun nan? Naman yana zuba, tsutsa ta shiga, kowa ya gudu. Na mutu na gama. Ka saurare ni in ba ka labari, ko da bayan nan za ka..."

"Yi shiru."

A hankali ya faɗa. Gara ma da tsawa ya yi.

Ya ja da baya taku ɗaya, yana kallonta kamar baƙuwar da ya tarar a ɗakinsa.

"Duk shigar nan da kike ɗaki in an kira salla?"

"Addu'a nake. Amma ba irin taku ba."

"Azumin da ya wuce?"

"Na yi tare da ku. Don kada in ci kuna kallo."

"Ni na tsaya gaban Liman," ya ce, yana bugun ƙirji da yatsa. "Da mata suka fara maganganu a bakin rijiya, ni na je na ce masa ƙanwata ta fi su duka tsoron Allah. Na rantse, Kyauta. Na rantse a kanki."

"Ka gafarce ni. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

"Yanzu tsoron ya tafi?"

"A'a, Yaya. Yanzu ma ya fi."

Iya ta rarrafo ta kama ƙafarta. "Ce musu ba ke ba ce. Ce musu Doguwa ce ke magana a bakinki. Magajiya, ai ta hau, ko? Faɗa musu ta hau!"

Duk ido ya koma kan tsohuwar. Kalma ɗaya daga bakinta za ta wanke Kyauta, domin ba a kama godiya da abin da iska ya faɗa.

Magajiya ta daɗe tana kallon Kyauta. Kyauta ta girgiza mata kai kaɗan.

"Ba ta hau ba," in ji Magajiya. "Ita ce da kanta."

Wani saurayi daga cikin taron ya sunkuya ya ɗauki hoge. Wani dattijo ya buge masa hannu, hogen ya faɗi. Amma Kyauta ta gani, ta kuma ga wasu hannayen suna neman ƙasa.

Ɗantsoho ma ya gani. Ya juya ya tare tsakaninta da su.

"Duk wanda ya jefi wani abu a gidan ubana, ni da shi ne. Maganar gidanmu ce. Ku watse!"

Ba wanda ya motsa.

Ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba, yadda ita kaɗai za ta ji. "Ciwo ne ya ruɗa ki, a baƙon wuri, ba naki kusa. Za mu je wurin Liman ni da ke, ki yi wanka, ki maimaita abin da ya ce. Shi ke nan, ba wanda zai sake tayar da zancen. Kin ji ko?"

Kafin ta ba shi amsa, asabarin ɗakin ya motsa.

"Gwaggo..."

Lauratu ce. Ta jawo jikinta da hannu har bakin ƙofa, ƙafafunta na binta a ƙasa, fuskarta sharkaf da hawaye. Ihun ya firgita ta.

"Gwaggo Kyauta, tsoro nake ji."

Ɗantsoho ya nufe ta da sauri. "Koma ciki, uwata. Ba komai, koma ciki."

Yarinyar ta kauce wa hannunsa, ta miƙa nata wajen Kyauta.

"Gwaggo, zo mu yi ta Yesu. Wadda muke yi in ƙafata na ciwo. Na iya ta ni kaɗai yanzu, in yi miki?"

Gorar rubutun ta zame daga kafaɗar Ɗantsoho ta faɗi, ruwan ya malale a ƙasa.

Bai dubi gorar ba. Ya tsuguna gaban 'yarsa.

"Lauratu. Wa ya koya miki sunan nan?"

Yarinyar ta dubi fuskar ubanta, ta ga abin da ba ta saba gani ba. Ta janye hannunta a hankali ta ɓoye a baya. Amma idonta ya riga ya tafi kan gwaggonta.

Ɗantsoho ya miƙe.

Wannan karon bai tsaya tsakanin Kyauta da mutane ba. Gefe ya koma.

"A kira mini Liman da Mai Unguwa," ya ce. "Iya, ɗauke yarinyar nan daga gabanta."